Ba Ciwon Sanyi Ba Ne

Ta tsayar da keken ɗinki da ta ji sallamar direban da ke neman aurenta, amma ba ta ɗago ba.

"Yayanki ya ce ki fasa aurena, ko?" in ji direban. "Don ina sayen maganin shafawa a kemis ɗinsa."

"Ya ce ciwon sanyi ne. Wai tsarabar matan tasha."

"Wallahi ban taɓa ba. Ƙaiƙayi ne a gabana, ya tafi ya dawo. Likita ya ce suga ce ta yi yawa a fitsarina, ita ke ciyar da abin." Ya yi murmushi. "Kin gani? Ciwon suga ne kawai."

Sai lokacin ta ɗago. Ba fuskarsa ta kalla ba, ƙafafunsa ta kalla.

"Ni na wanke wa Baba gyambon ciwon suga har aka yanke ƙafar. A keken nan na ɗinke masa ƙafar wando ɗaya."

"Ina shan magani, 'yar tela."

"Shi ma ya sha."

Ta jima tana murza zare a yatsa.

"Da ciwon sanyin ne," ta ce a hankali, "da na yi fushi, na yafe maka."

Ya buɗe baki zai yi magana. Ta taka keken.