Kwalayen Maganin Tari

Duk hutun da Uwata ta zo gida, kafin ta koma jami'a sai ta yashe kwalayen kantin babanta kaf. Na maganin tari ta fi so, masu kaurin nan. Ta ce da su take haddace sunayen magunguna. Shi kuwa har ware mata su yake yi, ya ɗiga wa kowanne jan biro a ƙasan sunan maganin don kada ya haɗa da na zubarwa.

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Shi kuma unguwa kaf Dakta ake kiransa, rabi girmamawa rabi zolaya, don kowa ya san iyakacinsa miƙo ƙwaya daga kan kanta. Sunan yana yi masa daɗi, yana kuma sukarsa. Ya ci alwashin sai gidansa ya fitar da likita na gaske.

Yarinya kuwa zane ta sa a gaba, tun tana ƙarama ba ta ganin farin bango ta ƙyale. Da ta gama sakandare ta durƙusa ta ce zanen gine-gine take so ta karanta. Ya tambaye ta ko birkila ya haifa bai sani ba. Ya kwashi takardun zanenta ya cusa a murhu. Ko hawaye ba ta yi ba. Ta tsaya har suka zama toka, sannan ta ce, "To, Baba."

Wannan "to" ita ta hana shi sakat har yau.

Shekarar farko a likitanci kullum cikin kuka take a waya. Daga baya kukan ya ɗauke ɗif, ya ce a ransa ta haƙura. Amma wane irin haƙuri? Sai ta dawo hutu a rame, idanu jajur saboda rashin barci, yatsu duk filasta. Shi da kansa yake sake mata filastar, yana tsine wa wuƙaƙen tiyata. In maƙwabta suka zo ta auna musu jini, ta shige ɗaka ta ce an hana ɗalibai. In ya nuna ta ga baƙi ya ce ga likitarmu, sai ta sunkuyar da kai kamar an zage ta. Rabon da ta dubi ƙwayar idonsa har ya manta.

A hutun da ya wuce ne abin ya kai shi bango. Tana zaune a kanti tare da shi, zufa ta dame su, ta ce ai laifin tagar ne, da a ɓangaren bishiyar darbejiya aka fasa ta da iska ta ratsa har bayan kanta. Fuskarta ta haskaka tana kwatance da hannu. Sai ta tuna da wa take magana, ta haɗiye sauran. Nan Dakta ya ga abin da ya kashe da hannunsa, kunya ta rufe shi.

Duk lokacin da ya ce zai je ya dubo ta, matarsa ba ta rasa dalili: hanya ba kyau, ana jarrabawa, a bar yarinya ta yi karatunta. Wannan karon bai shawarce ta ba. Ya rufe kanti ya hau mota, yana ta bitar maganar da zai faɗa: Uwata, ki yafe ni. Ki bar likitancin nan, in daga farko za ki soma, ki soma.

A sashen likitanci ya tari ɗalibai masu fararen riguna yana faɗin sunanta, kowa ya girgiza kai. Wato ko ƙawa ba ta yi ba duk shekarun nan. Ya kira wayarta, a kashe. Yana cikin bulayi ruwa ya tsuge, ya faɗa wani babban zaure don ya fake.

Ashe tsautsayi ne ya kawo shi inda ya fi tsoro. 'Yan ajin ƙarshe na zanen gine-gine ne ke baje aikinsu, tebur bayan tebur, ƙananan gidaje da asibitoci da kasuwanni na kwali. Iyaye sai ɗaukar hoto suke yi. Ya bi layi yana cewa a ransa nan fa ya kamata 'yata ta tsaya, ni na hana.

Inda mutane suka fi taruwa ya kutsa. Wani ɗan asibitin unguwa ne, da kantin magani manne a gefensa, da bishiya, da taga daidai saitin bishiyar. Ya gyara tabarau ya sunkuya ya leƙa ta tagar. A bangon ciki ya karanta sunan maganin tari, ga ɗigon jan biro a ƙasansa.

Ya ɗago a hankali. Uwata ce tsaye a bayan teburin, rula a hannu, filasta a yatsu, hawaye na zuba, ta riga shi buɗe baki: "Baba, ka yafe ni."