Rina Marar Ƙugu

Tun ranar da rina ta harbe ni a fatar ido na daina taka 'yar gonar Kaka da ke bayan gidanmu a Tsiga. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ko makaranta ban shiga ba. Yayyena maza kuwa sun samu abin wasa: da sun ce "Ga rina!" sai in zura da gudu.

Wata la'asar Kaka ta ja ni tsinkar gasaya. Har yau ina jin warin ganyen nan a yatsuna. Muna cikin tsinka sai ga wata aba ruwan ɗorawa a kan ganye. Na daskare.

"Idona ya mutu, 'yar nan," in ji Kaka. "Matsa ki duba mini. Ƙugunta siriri ne kamar na zanzaro?"

Na matsa a hankali, na ƙura ido.

"A'a, Kaka, ba ta da ƙugu."

"To, dangin rina ce, amma ba ta harbi. Ganye kawai take tsagawa ta zuba ƙwai. Ɗauke ta."

Na dunƙule ta a hannu har zaure, na buɗe a gaban yayyena. Suka watse, babban har da ture ƙwaryar fura. Na yi dariya har da hawaye.

Sai da na girma na tuna, Kaka da kanta take zura zare a allura.