Rufin da Inshora Ta Saya

Mijinta ya zube a kujera, dafe da ƙirji. "Hajiya, kira motar asibiti. Ai muna da inshora."

Shekara ashirin suka yi a Birmingham ta Ingila har suka zama 'yan ƙasa, asibiti bai taɓa karɓar ko sisinsu ba. Shi ya sa da suka koma Greensboro ta Amurka, biyan inshorar lafiya duk wata ya tsaya mata a rai. Wata huɗu ke nan ta daina biya a ɓoye, tana tura wa ƙaninta kuɗin a Maraɗi a ƙarasa musu ginin gida.

Ta ɗauki waya za ta kira. Sai ga saƙon ƙaninta: hoton gidan, sabon kwano yana ƙyalli.

"An gama, Yaya. Saura ku zo ku huta."