Mai Huji ko Mai Tsaga

Mai shagon kayan mota bai jira an tambaye shi ba. Ya sauko da faifan birki biyu daga saman kanta, ya goge su da gefen rigarsa, ya jera su a gaban dattijon.

Dattijon ya shigo ne da silifas ɗin wanka a ƙafa, makulli a hannu. Ya ce tafiya ce a gabansa gobe. Zai kai ɗansa makaranta, hanyar duk gangare ce, ga ruwa ana tafkawa, birkin motarsa kuma ya fara kuka. Ɗa ɗaya gare shi, ba zai ɗora shi a kan ƙarfen da bai yarda da shi ba.

Mai shago ya soma bayani, murya ba hawa ba sauka, kamar mai biya hadda. Wannan mai huji ne, yana saurin hucewa, ruwa ba ya zama a kansa, amma in ya sha wuta a dogon gangare, daga bakin hujin yake fara darewa. Wancan mai tsaga ne, yana jure nauyi da zafi, sai dai cin takalmin birki gare shi kamar gara.

Dattijon ko kallon faifan bai yi ba. Babban yatsansa kawai ya bi bakin ƙarfen a hankali, yadda ba kowane mai saye ya iya ba.

"In takalmi ya cinye, a sayi wani," in ji shi. "Yaro fa, a wace kasuwa ake sayensa? Ba ni mai tsaga."

Da can, wannan magana takan sa mai shago ya juya baya ya share ido. Yanzu bai ji komai ba. Zuciya ma takan gaji.

"Ka san aiki," in ji dattijon. "Wa ya koya maka?"

"Mahaifina."

"To, Allah ya saka masa da alheri. Ya iya koyarwa."

Daga nan dattijon ya tsaya yana jujjuya makullin hannunsa. Na ƙofar ɗaki ne, ba na mota ba. Mai shago ya mayar da faifan biyu inda zai sake ɗauko su gobe, ya ja ƙofa, ya shafa nasa gemun da ya yi furfura, sannan ya kama hannun tsohon.

"Taho mu je gida, Baba. Ai tuni ka kai ni makarantar, kuma lafiya lau muka sauka."