Ƙyallayen Kurmin Arca

Kubat ya sauke injin zarto daga kafaɗarsa ya tsaya cak. Mutum shida da ke bayansa su ma suka tsaya.

Kusan kowane reshe a kurmin arca, wata bishiya ta kan duwatsu, ɗaure yake da farin ƙyalle, iska tana kaɗa su. A duwatsun nan kowa ya san ma'anar hakan: wuri ne mai alfarma, wanda ya sa masa ƙarfe ba ya gamawa lafiya.

Sai dai Kubat a nan ya yi kiwo tun yana shekara bakwai, ya san kurmin kamar yunwar cikinsa. Babu kabarin waliyyi, ba wanda ya taɓa roƙon komai a nan. Marmaro ne kawai, sai bareyin dutse da ke saukowa duk bazara su haihu a ƙarƙashin rassan. Otal ɗin da yake wa aiki yana son a share wurin, baƙi masu zamiya a kan ƙanƙara su samu miƙaƙƙiyar hanya.

Wata biyu yana roƙon manajar otal ɗin, Jipar, a ƙyale kurmin. 'Yar ƙauyensu ce, ita ya taɓa nema kafin ta tafi Bishkek karatu. Ta dawo tana yi masa magana kamar baƙo. Amsarta ɗaya ce: umarni umarni ne. Jiya ma ta sallami kowa, har masu gadi, wai su huta kafin babban aiki.

Yanzu ga ta nan ta hauro tare da mai otal, hannuwanta cikin safa duk da ranar da ake yi.

"Me kuke jira?" in ji mai otal. "Shanya ce ta ba ku tsoro?"

"Wurin kakanninmu ne, yallaɓai," Kubat ya ce. Ƙaryar ta fito masa sumul. "A nan kakata ta roƙi haihuwar ubana."

"Makon jiya ko zare babu a nan."

"Makon jiya ƙasa kake aunawa. Ba ka ɗaga kai ba."

Wani daga baya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mai otal ya juya ga Jipar. "Ke 'yar nan ce. Gaskiya ne?"

"Na daɗe a birni," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Kubat, tayar da injin."

"Ga shi nan, ranki ya daɗe. Ki tayar da kanki, ai ke kika yi karatu."

"In ka sauka ba ka sare ba, kada ka dawo," ta ce.

"Dutsen ba naku ba ne. Ɗakuna kawai kuka ɗora masa."

Ya ajiye injin a gabanta ya kama hanya. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Washegari mai otal ya ɗauko ma'aikata daga kwari. Suka ga ƙyallayen, suka shafa addu'a, suka koma motarsu. Kafin mako ya zagayo tsofaffin matan ƙauye sun fara hawowa da nasu ƙyallayen, kowace tana rantsuwa tun tana yarinya ta san wurin. Da ya rasa mai sara, mai otal ya karkatar da hanyarsa ta gefen duwatsu, inda ko ciyawa babu.

An mayar da mutum shidan nan bakin aiki. Kubat kuwa takardar kora ya samu, da sa hannun Jipar.

Ranar da ya kwashe kayansa ya biya ta kurmin. Wata barewa ta ɗago daga bakin marmaro, ɗanta yana tangaɗi a gefenta, ta dube shi ta ci gaba da sha. Ya bi rassan yana taɓa ƙyallayen farko, yana son sanin wa ya yi wannan aiki. Duk yadi ɗaya ne, an yanka da almakashi. Da alama farin ya ƙare wa mai ɗaurin, don reshen ƙarshe jan ƙyalle ne a jikinsa.

Ya kwance shi ya shimfiɗa a tafin hannu. Gefen ɗankwali ne mai furen rawaya, wanda ya saya wa Jipar a kasuwar Karakol shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da ta ce masa ya manta da ita.