Baƙin da Ya Ƙi Kama Tukunya

Kai da kake cewa abokinka ya ɓoye maka sirrin sana'a, dakata tukuna, kada ka yanke gaisuwa. Bari in ba ka misali.

An yi wasu mata biyu masu ginin tukwane, ƙawaye ne tun suna 'yan mata, aure ya kai ɗaya gabas da rafi, ya kai ɗaya yamma. Ta gabas tukwanenta baƙaƙe ne wuluk, suna sheƙi, ranar kasuwa kafin azahar ta sayar ta kaɗe zaninta. Ta yamma kuwa gininta ba shi da makusa, amma ja ne busasshe, sai ta wuni tana korar ƙuda, da maraice ta sake ɗora kayanta a ka. Da abin ya ishe ta, ta ajiye kunya ta tambayi ƙawarta a kasuwa. Ita kuwa ba ta yi rowa ba. Ta ce a samo makuba, wato ɓawon ɗorawa, a haɗa da bagaruwa a daka, a jiƙa ya kwana, a tafasa har ruwan ya yi duhu. In an gasa tukwane a yayyafa musu da tsintsiya, shi ke nan.

Ta yamma ta koma gida bakinta har kunne. Ta yi haɗin yadda aka faɗa, ta gasa tukwanenta, ta bar su cikin toka har gari ya waye kamar yadda kowa yake yi a garinsu, don tsoron kada iska ta bugi tukunya da zafinta ta tsage. Da safe ta kakkaɓe su ta yayyafa. Tukwane suka fito dabbare-dabbare kamar an watsa musu ruwan kwata, kuma kana wankewa abin yana bin hannunka. Ta ce wataƙila bagaruwa ce ta yi kaɗan, ta ƙara. Bai yi ba. Ta rage, bai yi ba. Maƙwabta kuwa ka san ba a rasa su da shawara: wannan ta ce a sa kanwa, waccan ta ce ruwan rijiyarsu ne mai zartsi. Baiwar Allah ta ɗauki tulu har rafi ta ɗebo, aka sake yi, jiya i yau. Da labari ya kai wa ta gabas, ita ma kanta ya ɗaure. Ta ƙirga haɗin da yatsunta, ba ta ga abin da ta manta ba. Sai ta cika gora da nata ruwan makubar, wanda ta dafa da hannunta, ta aika mata. Aka yayyafa, tukwane suka fito yadda suka saba.

Nan fa abin ya tashi daga maganar bagaruwa. Ruwa ɗaya, tsintsiya iri ɗaya, a can baƙi mai sheƙi, a nan dabbare-dabbare, ta yaya? Ta yamma ta ce lallai akwai abin da ake tofawa aka hana ta. Ta gabas ta ji zafi ƙwarai, ta ce ta ba da abin da uwarta ta bar mata, an saka mata da zargi. Ranar kasuwa kowacce ta kawar da kai. Wallahi abin da ban tausayi, don babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu, kuma babu wadda ta san inda gizo ke saƙar.

Rannan ta yamma ta ɗauki gorar nan za ta mayar, da niyyar ta faɗi ta ƙarshe kowa ya kama gabansa. Allah da ikonsa, ta tarar ranar gashi ce. Wuta ba ta ko mutu ba, sai ga ƙawarta da doguwar sanda tana zaro tukunya jajir daga cikin garwashi. Nan take ta tsoma tsintsiya ta watsa mata ruwan. Tukunya ta yi cuu, tururi ya tashi, baƙi ya kama ta tun daga baki har gindi. Ta yamma ta tsaya da gora a hannu, ta ce, "Da zafinsu kike zubawa?" Ta gabas ta waigo, gumi na zuba, ta ce, "To da, da sanyinsu ake yi?" Ita ta gabas tun tana goye take ganin ana yin haka, bai taɓa zo mata a rai cewa abin faɗa ne ba. Ta miƙa wa ƙawarta sandar, ta nuna mata tukunya ta gaba.

To kai ma, kafin ka ce an cuce ka, tashi ka je ka tsaya kusa da abokin naka ranar da yake aikin. Gani ya kori ji.