Mai Bugun Bango

Ƙawata, matso kusa, wannan ba na tsakar gida ba ne.

Karo na uku ke nan kantar jera littattafai ta Fadila na faɗowa, sukurorin suka fito da garin bango fari kamar alli.

Bangon ba na bulo ba ne. Allo ne na zamani da ake ɗaurawa kan sandunan ƙarfe, tsakaninsu fanko. Da shi aka raba babban ɗakin gidan gado a Ƙofar Marusa: ɓangare ɗaya na Salihu, mijin Fadila, ɗayan na yayarshi Bara'atu. Ita Bara'atu ta tsaya kan ma'aikata tun safe har suka gama, kada a ci mata ko taki ɗaya. Ranar suka yi cacar baki da Fadila, har ta rantse ba ta ƙara ce mata uffan. Ko da Salihu ya rasu, zama ta yi wurin gaisuwa, baki a rufe.

Yanzu Fadila na takaba. Ba ta fita, ba ta son namiji ya shigo mata ɗaka, ga damina ta kankama. Ruwa na bi ta ƙarƙashin ƙofa. Littattafan Salihu, har da Alƙur'aninshi mai rubutun hannu, suna cikin kwali bisa kujera, gindin kwalin ya fara jiƙa. Sauran bangayen tsohon gini ne, sun sha danshi, ƙusa ba ta zama. Sai wannan.

Ta sake ɗauko injin huda na marigayi. Tana kunnawa, sai bugu daga can ɓangaren. Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Kullum haka. Da ta fara, sai a fara. Ba ma saitin inda take hudawa ba, can gefe, wuri guda, kamar mai korar kaza. Fadila takan kashe injin, ta zauna ta yi kuka a hankali, don bangon ko tari bai ɓoyewa.

Ran nan bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ta dubi kwalin, ta dubi sama ta taga. Ta kunna. Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Zuciya ta ɗebe ta.

"Yaya, ko gawa ana bari ta huta! To ga ni nan zuwa inda kike!"

Ta ɗora bakin injin daidai inda bugun ke fitowa, ta danna da ƙarfinta duka. Injin ya yi ƙara, ya turje, sannan ya shige. Sukurun ya kama gam. Bugun ya matsa gaba kamar kamu biyu. Ta bi shi a fusace, ta huda. Ya sake matsawa, ta sake bi.

Kafin ruwa ya sauko, kantar ta zauna, sandar rataye kaya ma ta zauna. Ta jera littattafan, ta rataye rigunan Salihu, ta ja da hannu biyu, ko gezau. Daga nan ba a ƙara buga bangon ba. Har yau Fadila cewa take ita ta kori Bara'atu daga jikin bangon.

Ni kuwa na shiga ɗakin Bara'atu washegari aron turmi. Don Allah, ƙawata, ya tsaya tsakaninmu, matar na tsoron rantsuwarta: na ga bangon nata duk zanen gawayi daga sama har ƙasa, layi-layi, saitin kowane ƙarfe, ita kuma tana gasa kumburarrun yatsunta da ruwan ɗumi.